Malaman Sa-Kai da Buɗe Bakin Yaro: Darasi Daga Ƙasar Gumel

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga aji a makarantun karkara na ƙasar Hausa ya san wani hali da ke ba malami takaici. Idan ya rubuta jimla a allo ya karanta, yara za su amsa masa gaba ɗaya da murya mai ƙarfi har a jiyo su a bakin hanya. Amma da zarar ya nuna yaro guda ya ce ya tashi ya faɗi abin da ya fahimta, sai aji ya yi tsit, yaron ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa. Malamin da ya tashi a cikin wannan al'umma yakan san dalili, ko da kuwa bai san magani ba. Wanda ya zo daga nesa kuwa, sau da yawa yakan yanke hukunci cewa yaran ba su da ƙwaƙwalwa.

Manufar wannan maƙala ita ce duba matsayin malamin sa-kai, wato wanda ya bar ƙasarsa ko yankinsa ya je koyarwa a wani wuri na ɗan lokaci, game da abubuwa biyu: cusa wa yara son karatu, da ba su ƙarfin halin bayyana abin da ke ransu da baki ko da alƙalami. Za a fara da tarihin sa-kai a ƙasar Hausa da zuwan 'yan sa-kai daga ƙetare, sannan a juya ga makarantun ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, baƙon malami yana cin nasara ne gwargwadon yadda ya yarda ya bi ta harshen yaro da al'adar maganar da yaron ya tashi a ciki, kuma aikinsa ba ya ɗorewa sai ya bar shi a hannun ɗan gari.

2.0 Sa-Kai a Tarihin Koyarwa na Ƙasar Hausa

Kafin a yi maganar Turawa, ya kamata a tuna cewa barin gida don koyar da 'ya'yan wasu ba tare da albashi ba tsohon abu ne a wannan ƙasa. Malaman tsangaya sun daɗe suna yawo daga gari zuwa gari, su sauka a inda aka ba su masauki, su karantar saboda Allah, jama'a kuma su tallafa musu da abinci da sadaka. Misali mafi tsari shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1793-1864), wadda ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa a matsayin alamar muƙami, jajin kuma ta riƙa jagorantar mata zuwa wurin Nana su ɗauki karatu, su koma su koyar da na gida.

Abin lura a nan shi ne harshen da aka yi amfani da shi. Nana Asma'u ta san Larabci ƙwarai, ta kuma yi rubutu da shi, amma karatun da ta aika ƙauyuka ta tsara shi ne cikin waƙoƙin Hausa da Fulfulde, domin da su matan suke tunani. Haka kuma ba ta dogara ga baƙo ba. Jaji 'yar garin ce, an san ta, an san gidanta. Waɗannan sharuɗɗa biyu, harshen gida da hannun ɗan gari, su ne ma'aunin da za a auna sauran 'yan sa-kai da shi a wannan maƙala.

3.0 Zuwan 'Yan Sa-Kai Daga Ƙetare

A lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, ƙarancin malamai na cikin manyan matsalolinta. Rahoton kwamitin Eric Ashby, wanda ya fito a wannan shekara, ya nuna cewa ƙasar ba ta da isassun malamai masu digiri da za su riƙe makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai, matsalar kuma ta fi tsanani a Jihar Arewa. Wannan giɓi ne ya buɗe ƙofa ga malamai daga ƙasashe dabam-dabam, wasu bisa kwantaragi, wasu kuma bisa sa-kai.

Ƙungiyar VSO ta Ingila ita ce ta fara, a 1958. Alec Dickson da matarsa Mora ne suka kafa ta, shi Dickson kuwa ya riga ya san wannan yanki, domin ya shugabanci cibiyar horar da matasa ta Man O' War Bay a Kamaru ta Ingila tun tana haɗe da Nijeriya. A ranar 1 ga Maris 1961 Shugaba John Kennedy na Amurka ya kafa ƙungiyar Peace Corps, ya ɗora Sargent Shriver a kanta. Rukuninta na farko ya sauka Gana a ƙarshen watan Agusta na wannan shekara, na Nijeriya ya biyo baya ba da daɗewa ba. Kanada ma ta kafa tata, wato CUSO, a 1961. Akasarin waɗannan matasa koyarwa aka tura su, wa'adinsu kuma yawanci shekara biyu ne. Peace Corps ta yi aiki a Nijeriya daga 1961 zuwa 1976, ta sake dawowa daga 1992 zuwa 1995, a Nijar kuma ta zauna daga 1962 har zuwa 2011, lokacin da matsalar tsaro ta sa aka kwashe ma'aikatanta.

Tun daga farko an ga haɗarin da ke tattare da idon baƙo. A watan Oktoba na 1961 wata 'yar Peace Corps mai suna Margery Michelmore, wadda ke karɓar horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ta rubuta wa wani abokinta katin gaisuwa tana bayyana ƙazanta da koma-bayan da ta ce ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗalibai kafin ya kai gidan waya, aka yaɗa shi, aka yi zanga-zanga, ita kuma ta bar ƙasar. Wannan labari ya shahara ne saboda siyasar da ta shiga cikinsa, amma ga mai nazarin koyarwa darasinsa ya wuce siyasa. Baƙon da ya zo da niyyar taimako yakan fara ganin abin da babu kafin ya ga abin da ke akwai. Idan ya shiga aji da wannan ido, zai ga babu kujeru, babu littattafai, babu Turanci, ba zai ga tarin labarai da hikimar zance da yaran suka shigo da su daga gida ba.

Game da karatu, an yi ƙoƙari na haƙiƙa. A shekarun 1960 akan ba 'yan Peace Corps akwati cike da littattafai don amfanin kansu, da yawa daga cikinsu kuma suka mayar da waɗannan akwatuna harsashin ɗakin karatu a makarantun da suke. Wasu sun kafa ƙungiyoyin muhawara da na wasan kwaikwayo da mujallar makaranta. Sai dai kusan dukkan wannan da Turanci aka yi shi, littattafan kuma suna maganar dusar ƙanƙara da tuffa da rayuwar da yaron Arewa bai taɓa gani ba. Waɗanda suka amfana su ne 'yan ƙalilan da suka riga suka kai sakandare, waɗanda dama an tace su.

Abin sha'awa shi ne, daga cikin waɗannan baƙi, waɗanda sunansu ya fi ɗorewa a fagen Hausa su ne waɗanda suka zo koyarwa suka zama ɗalibai. Paul Newman yana cikin rukunin farko na Peace Corps da ya zo Nijeriya, ya koyar a Maiduguri daga 1961 zuwa 1963. Daga baya ya zama daraktan farko na Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, shi da Roxana Ma Newman suka tsara Sabon Ƙamus na Hausa Zuwa Turanci wanda ya fito a 1977, sannan ya wallafa babban littafinsa na nahawun Hausa a 2000. Marigayi Russell Schuh, wanda ya rasu a 2016, ya yi aikin yaƙi da jahilci a Nijar a ƙarƙashin Peace Corps daga 1965 zuwa 1967, ya kuma ƙare rayuwarsa yana koyar da Hausa da nazarin harsunan Cadi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Dukkansu sun yarda su saurara kafin su yi magana, kuma ta wannan hanya aikinsu ya yi amfani.

4.0 Ƙasar Gumel da Baƙin Malamanta

Masarautar Gumel, wadda ake yi wa laƙabi da Lautai, Mangawa ne suka kafa ta a ƙarni na 18, ta kuma daɗe tana da alaƙa da Barno. A yau Hausa ce harshen kasuwa da na gida a mafi yawan garuruwanta, ko da yake akwai Fulani masu yawa waɗanda 'ya'yansu ke fara magana da Fulfulde. Ƙasa ce ta jigawa, ana noma gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo. Ta arewa tana iyaka da Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis kuma tana tara dabbobi da fatake daga ƙasashen biyu. Gagarawa tana kan layin dogo na Kano zuwa Nguru. A garin Gumel akwai kwalejin ilmi ta jiha, wadda ke horar da malamai.

Baƙon malamin da yaron Gagarawa ko Sule Tankarkar ya fi sani a yau shi ne mai yi wa ƙasa hidima, wanda yara ke kira Kofa. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa wannan shiri da doka mai lamba 24 ta ranar 22 ga Mayu 1973, domin ɗinke ɓarakar da yaƙin basasa ya bari. Tsarin ya tanadi a tura matashi wata jiha dabam da tasa, saboda haka wanda ya tashi a Inugu ko Ibadan ko Kalaba yakan tsinci kansa a ƙauyen da ba ya jin ko kalma guda ta harshensu. A wajen wannan matashi, bambancin harshe da abinci da yanayi bai gaza na wanda ya ƙetare teku ba. Gaskiya ne hidimar ƙasa wajibi ce a kan mai digiri, amma abin da yake yi bayan an tashi daga makaranta, da ranar da aka ware masa a mako don aikin raya al'umma, wannan sa-kai ne tsantsa. An kuma sami matasan shirin N-Power da aka fara a 2016, sannan akwai masu takardar NCE da ke koyarwa a garuruwansu ba tare da an ɗauke su aiki ba.

Bukatar da ke gaban waɗannan matasa babba ce. Gwajin karatun Hausa da aka yi a 2014 a jihohin Jigawa da Kaduna da Kano da Katsina, a ƙarƙashin wani shirin bincike da hukumar USAID ta ɗauki nauyinsa, ya nuna cewa mafi yawan yaran aji biyu na firamare ba sa iya karanta ko kalma guda cikin ɗan gajeren labari da aka rubuta da harshensu. Yaron da ya wuce aji uku a wannan hali yakan ci gaba da hawa aji yana kwafar abin da ke allo kamar mai zane, har ya kai ƙaramar sakandare, inda Kofa zai tarar da shi.

A wata ziyarar duba ɗalibaina masu koyarwar gwaji a wata ƙaramar sakandare ta ƙasar Gagarawa, na tarar da masu hidimar ƙasa biyu, dukkansu daga Kudu. Na farko yana koyar da Turanci, ya kuma shaida mini cewa ya haƙura, domin wata huɗu yana tambaya babu mai amsawa. Ta biyu kimiyya take koyarwa, amma ta koyi gaisuwa da ciniki a wurin matan gidan da ta sauka. Da yamma takan tara 'yan mata a inuwar darbejiya ta ce su koya mata Hausa, sharaɗinta kuwa shi ne duk kalmar da aka koya mata sai an rubuta mata ita a littafi. Yaran da ba sa iya ɗaga kai a aji sai ga su suna gardama a kan ko kalma da ƙa ake rubuta ta ko da ka, suna yi wa Malama dariya idan ta kasa furta ɗa. Ba ta karanta ilmin koyar da harshe ba, amma ta juya matsayi: yaro ya zama mai sani, malama ta zama mai tambaya.

5.0 Dalilan Shirun Yaro

5.1 Harshe. Dalili na farko a fili yake. Yaron da aka ce ya bayyana ra'ayinsa da harshen da bai iya ba an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, na tunani da na neman kalma. Tun a 1953 hukumar UNESCO ta fitar da rahoto mai cewa harshen uwa shi ne mafi dacewa ga farkon karatu. A Nijeriya, gwajin shekara shida na Ife wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon firamare, aka kuma koya musu Turanci a matsayin darasi, ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Maƙwabtanmu na Damagaram ma sun fara gwajin makarantar Hausa da Faransanci a Zinder a 1973. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankin, a 2022 aka amince da faɗaɗa wannan zuwa shekara shida, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi na Tarayya ya ba da sanarwar soke tsarin da mayar da Turanci harshen koyarwa. Ko ma wace manufa ce ke aiki, tsarin rubutun Hausa bai sauya ba. Wasula biyar ne a rubuce, kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake wakilta, gaɓar kalma kuma siga uku kawai take da ita: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Yaron da ya gane yadda ake haɗa baƙi da wasali zai iya karanta kusan kowace kalma. Abin da rubutun bai nuna ba shi ne karin sauti da tsawon wasali, kamar a kalmar gari, wadda kan iya nufin wurin zama ko abin tuwo, amma mai harshen yakan warware wannan daga ma'anar jimla. Turanci ba shi da wannan sauƙi, domin harafi ɗaya yakan ɗauki sautuka da dama. Da zarar yaro ya koyi dabarar karatu da Hausa, zai tafi da ita zuwa Turanci, tun da haruffan kusan ɗaya ne.

5.2 Kunya. Dalili na biyu shi ne wanda baƙo ya fi jahilta. A tarbiyyar Bahaushe, yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya sa baki a maganar manya, ba ya musu da malaminsa. Abin da malamin Turai ko na Kudu zai ɗauka rashin sani ne ko taurin kai, a gidan su yaron ladabi ne da ake yaba masa a kai. Ga 'ya mace kuma nauyin ya ninka, musamman idan malamin namiji ne baƙo. Wanda ya ce zai kawar da kunya da tsawa zai ƙara rufe bakin da yake son buɗewa, kuma zai jawo wa kansa zargin iyaye cewa boko na ɓata yara.

5.3 Salon karatun allo. Kusan kowane yaro a ƙasar Gumel yakan fara da makarantar allo, inda yake bin babbaƙu da farfaru kafin ya shiga haddace surori. Manufar wannan karatu ita ce kiyaye nassi yadda yake ba tare da ƙari ko ragi ba, kuma ya dace da manufarsa. Amma yaro yakan shigo makarantar boko da fahimtar cewa karatu shi ne maimaita abin da malam ya biya. Wannan ne asalin amshin da aka ambata a farko. Malami mai basira zai lura cewa yaron ya zo da jari, domin ya riga ya san cewa alama a kan allo tana wakiltar sauti, ya san bambancin baƙi da wasali, yana kuma da ƙarfin hadda. Abin da ya rage shi ne a nuna masa cewa akwai wani irin karatu wanda ake tambayar ma'anarsa, har a ce an yarda ko ba a yarda ba.

6.0 Hanyoyin da Suka Dace da Ɗan Sa-Kai

Al'adar da ta hana yaro magana a gaban manya ita ce kuma ta ware masa wuraren da yake sakin baki. Akwai dandali da hirar tatsuniya da kacici-kacici da wasannin tashe na watan azumi, akwai kuma wasan da ke tsakanin jika da kaka da na taubasai. A waɗannan wurare yaron da ya yi shiru a aji yakan zama mai hikima da barkwanci. Aikin ɗan sa-kai shi ne ya shigo da ɗan wannan yanayi cikin harabar makaranta. Ga hanyoyi huɗu waɗanda ba sa bukatar kuɗi mai yawa.

Hanya ta farko ita ce mayar da maganar yaro littafin karatunsa. Wannan dabara ta shahara ta hannun Sylvia Ashton-Warner, wadda ta koyar da 'ya'yan ƙabilar Maori a New Zealand ta kuma bayyana aikinta cikin wani littafi a 1963. Takan tambayi yaro kalmar da yake so, ta rubuta masa a kati, ya tafi da ita gida. A Gagarawa kalmomin za su kasance irin su raƙumi da amalanke da rijiya da riɗi. Daga kalma sai a wuce zuwa jimla: yaro ya ba da labarin ranar da ya raka babansa kasuwar Maigatari, malami ko wani ɗalibi ya rubuta a allo yadda ya faɗa, sannan mai labarin ya karanta. Yaron da ya ga maganarsa a rubuce ya gane abu biyu a lokaci guda, cewa rubutu magana ce, kuma maganarsa ta isa a rubuta.

Hanya ta biyu ita ce aika yara wurin kakanni. A ba kowane yaro aikin ɗauko tatsuniya guda ko tarihin unguwarsu ko sunayen itatuwan da suka ɓace daga dajinsu. Tun da wasa ya halatta tsakanin jika da kaka, yaro zai yi tambaya ba tare da kunya ba. Idan aka tara abin da suka kawo aka ɗinke da zare, makaranta ta sami littafinta na farko, iyaye kuma sun ga cewa boko ya girmama abin da suka sani.

Hanya ta uku ita ce karanta wa yara labari a bayyane, a tsaya a tsakiya a tambaye su abin da suke jin zai faru. Hausa ba ta rasa abin karantawa ba. Tun gasar da Rupert East ya shirya a 1933 aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sannan Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta biyo baya. Ga masu farawa akwai Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, akwai kuma Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Idan baƙon malami bai iya karanta Hausa ba, sai ya sa babban ɗalibi ya karanta, shi kuma ya zauna cikin masu sauraro.

Hanya ta huɗu ita ce rage yawan idon da ke kan yaro. Wanda ba zai iya magana a gaban mutum sittin ba zai iya a gaban huɗu. A raba su rukuni-rukuni, 'yan mata dabam idan hali ya yi, a ba su wasan kwaikwayo su tsara, domin yaron da ya sa rawanin wasa ya zama mai gari yakan faɗi abin da ba zai faɗa da sunansa ba. Ga 'ya'yan Fulani da ba su ƙware a Hausa ba, a bar su su fara ba da labari da Fulfulde, wani ya fassara.

7.0 Matsalar Ɗorewa

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mai hidimar ƙasa shekara guda yake yi, ɗan sa-kan ƙetare biyu, koyon karatu kuwa aiki ne na shekaru. An sha ganin ɗakin karatu da aka buɗe da biki ya koma ma'ajiyar tsofaffin kujeru bayan tafiyar wanda ya kafa shi, littattafan kuma a kulle a akwatin shugaban makaranta don tsoron kada su lalace. Maganin wannan shi ne darasin jaji: tun ranar farko baƙo ya nemi malami ɗan gari su yi aikin tare, ya kai gaisuwa wurin mai gari da liman, ya sa kwamitin iyaye cikin shawara. A nan ne kwalejin ilmi ta Gumel da sassan Hausa na jami'o'inmu suke da rawar takawa. Za su iya tsara ɗan littafin Hausar aji ga masu hidimar ƙasa, su kuma haɗa ɗalibansu masu koyarwar gwaji da su, ɗaya ya kawo Turanci ɗaya ya kawo harshen gida.

Wannan magana ta shafe mu ta wata fuskar kuma. Tun daga 1987, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake Ministan Harkokin Waje, Nijeriya take aika nata 'yan sa-kan na shekara biyu zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik a ƙarƙashin shirin TAC, cikinsu har da malamai. Bahaushen da aka tura Gambiya ko Uganda ya zama shi ne baƙon, yaran da ke gabansa kuma suna da harshensu da kunyarsu da dandalinsu. Abin da muke nema daga wanda ya zo mana shi ne ake nema daga gare mu idan mun je wa wasu.

8.0 Kammalawa

An ga a wannan maƙala cewa sa-kai a koyarwa yana da tushe a ƙasar Hausa tun kafin zuwan VSO da Peace Corps, kuma tsarin 'Yan Taru ya riga ya nuna sharuɗɗan nasararsa. An ga cewa shirun yaro a aji yana da dalilai uku, wato harshe da kunya da salon karatun da ya fara da shi, babu kuma ɗaya daga cikinsu da ke nuna ƙarancin basira. Baƙon malami yana da wata dama wadda ɗan gari ba shi da ita: yara ba sa jin nauyinsa kamar yadda suke jin na malamin da ya san iyayensu, kuma rashin jin Hausarsa yakan ba su abin da za su koya masa. Idan ya yi amfani da wannan dama cikin ladabi, ya riƙe hannun ɗan gari, to, kafin wa'adinsa ya cika zai bar yara a Gagarawa ko Maigatari waɗanda suka karanta labarin da su da kansu suka bayar. Ya rage ga masu nazarin harshe da masu horar da malamai su bi sawun irin waɗannan ƙoƙari a makarantun karkara, su rubuta abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba, domin wanda zai zo baɗi ya ɗora daga inda na bana ya tsaya.